Ɗaukar hoton titi na baƙi da fari da tsohuwar kyamarar fim: daga duba kyamara zuwa karanta nagatif

Mutumin da zai fito daga inuwar gini ya ratsa hasken rana ba zai tsaya jiranka ba. Daƙiƙa ɗaya ko biyu zai ba ka, tsohuwar kyamarar fim kuwa ba ta saita kanta. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka duk abin da za a yi wa kyamara a gama shi tun mutumin bai ɓullo ba: fim ya kama daidai, an auna haske, an tsayar da nisa, an ɗana, wato an ja hannun da ke matsar da fim ya shirya kyamara don ɗauka. Abin da ya rage sai ɗagawa da dannawa.

Fara da duba kyamarar

Kyamarorin fim na milimita 35 da suka dace da titi iri biyu ne. Akwai masu madubi a ciki, waɗanda ake kira SLR, inda kake leƙawa ta cikin gilashin idon kyamarar kansa, wato lensi. Pentax K1000 da ta fito a 1976, Olympus OM-1, Nikon FM2 da Minolta SR-T 101 duk irinsu ne. Akwai kuma masu tagar leƙe daban, irin su Leica M3 ta 1954 da Canonet QL17, waɗanda ake saita nisansu ta hanyar haɗa hoto biyu su zama ɗaya a tsakiyar tagar. Waɗannan ba su da madubin da zai yi tsalle, don haka ƙararsu kaɗan ce, kuma tagar ba ta rufewa lokacin ɗauka. Kowacce ta samu za ta yi aiki. Abin lura shi ne ko labulenta, wato abin da ke buɗewa ya rufe don haske ya isa fim, yana buƙatar batir. K1000 da OM-1 da FM2 suna ɗauka ko babu batir, ma'aunin haske ne kawai zai mutu. Canon AE-1 kuwa da batir ya ƙare ta tsaya ke nan.

Kafin ka saka fim, buɗe bayanta ka fuskanci taga. Sa saurin labule a daƙiƙa ɗaya, ka ɗana ka danna. Ya kamata ka ji ƙugi mai santsi na kusan daƙiƙa guda sannan labule ya rufe. In ya maƙale ko ya ja lokaci, man ciki ya daskare. Wannan ba babbar matsala ba ce ga mai aikin titi, domin da wuya ka sauko ƙasa da 1/60 na daƙiƙa. Wanda ya fi muhimmanci shi ne na sama. Cire lensi in tana ciruwa, sa 1/1000, ka leƙa ta baya kana dannawa. Dole ka ga hasken ya cika murabba'in gaba ɗaya. In gefe ɗaya ya yi duhu, labule na biyu yana cim ma na farko, kuma kowane hoto da ka ɗauka a wannan saurin zai fito da rabinsa baƙi. Irin wannan kyamara a tsaya a 1/500 har a kai ta wurin mai gyara.

Sai soson da ke kewaye da ƙofar baya. Bayan shekara talatin ko arba'in yakan narke ya zama baƙin danƙo. Taɓa shi da tsinke, in ya manne, haske zai shiga, musamman ta wajen da ƙofar ke juyawa. A kankare shi da tsinken katako da ɗan barasar goge na'ura, a manna sabon soso mai kaurin milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In ana sauri, baƙin tef a kan gefunan ƙofa bayan an rufe yana tsare fim ɗaya.

Haska tocila ta cikin lensi daga baya. Ƙura kaɗan ba ta hana komai. Zare-zare kamar saƙar gizo funfuna ce, hazo kamar numfashi a kan gilashi kuwa yana dusashe baƙi ya mai da hoto toka-toka. Juya zoben ƙofar haske, wato hujin cikin lensi da haske ke bi, ka kalli ganyayyakin da ke tsukewa: su kasance a bushe, su rufe su buɗe nan take. In akwai maiƙo a jikinsu za su yi nawa wajen rufewa, hoto ya sha haske fiye da kima.

Maganar batir tana da tarko. OM-1, SR-T 101 da Canonet QL17 an yi su ne don batirin PX625 mai sinadarin makuri, wato zaiba, mai ƙarfin bolt 1.35, wanda aka daina yi. In ka sa na yanzu mai 1.5, allurar za ta motsa amma ƙarya za ta yi maka, yawanci ta sa hoto ya gaza haske. Batirin na'urar taimaka wa ji mai lamba 675 yana ba da kusan 1.4, yana maye gurbinsa sosai, sai dai ba ya daɗewa bayan an ɓare takardarsa. K1000 da FM2 suna cin LR44 ko SR44 ba gardama. K1000 ba ta da makunni, muddin murfin lensi a buɗe yake tana shan batir.

Fim ɗaya, lensi ɗaya

Ɗauki fim mai ISO 400 (ISO lamba ce da ke nuna saurin kama hasken fim): Kodak Tri-X, Ilford HP5 Plus, ko Kentmere 400. Dalili shi ne 400 yana ba ka damar tsuke ƙofar haske tare da saurin labule mai kama mai tafiya, kuma waɗannan fina-finai suna yafe kuskure, musamman in kuskuren na yawan haske ne. Mai ISO 100 ko 125 irin FP4 Plus ya fi laushin tsaki, wato ɗigo-ɗigon da ke jikin hoto, amma da ka shiga lungu mai inuwa zai tilasta maka buɗe lensi har saiti ya yi wuya. Zaɓi guda ka zauna a kansa aƙalla gwangwanin fim goma. Wanda yake sauya fim kowane mako ba zai taɓa gane ko laifin daga awo ne, ko daga wanki, ko halin fim ɗin ne ba. In babu wanda ke wanke baƙi da fari kusa da kai kuma ba za ka wanke da kanka ba, akwai Ilford XP2 Super, wanda ake wankewa da tsarin C-41 na fim mai kala.

Lensi kuwa tsakanin milimita 28, 35 da 50, ƙaramar lamba ta fi faɗin gani. Henri Cartier-Bresson ya yi yawancin aikinsa da 50, Garry Winogrand kuma da 28, don haka babu wadda za a ce ita ce ta gaskiya. Ga mai farawa 35 ta fi sauƙi, za a ga dalili a wajen saita nisa. Mai 50 ita ce aka fi samu maƙale a jikin tsofaffin kyamarori, kuma ba laifi a fara da ita.

Saka fim

A yi shi a inuwa, ko ka juya wa rana baya. Ja hannun naɗewa, wanda ke mai da fim cikin gwangwani, sama, ƙofa za ta buɗe. Sa gwangwani a gurbinsa, mai da hannun ƙasa, ja harshen fim zuwa ɗaya gefen ka cusa shi a tsagar kwarkwaron da fim ke naɗuwa a jikinsa. Ja hannun ɗanawa sau ɗaya ƙofa tana buɗe, ka gani da idonka cewa haƙoran sun shiga hudojin fim sama da ƙasa. Rufe. Yanzu juya hannun naɗewa a hankali ta inda kibiya ta nuna har ka ji ya ɗan yi tauri, ka tsaya. Ɗana ka danna sau biyu har lamba ta kai 1, idonka yana kan hannun naɗewa. In yana juyawa da kansa duk lokacin da ka ɗana, fim yana tafiya. In bai motsa ba, harshen ya suɓuce, kuma lambar za ta ci gaba da ƙirga maka har 36 alhali ba a ɗauki komai ba. Wannan kuskure ya fi kowane cinye wa masu farawa yini guda.

Juya ma'aunin ISO zuwa 400. A tsofaffin kyamarori ASA aka rubuta, lambar ɗaya ce. Yage murfin kwalin fim ka soka a aljihun bayan kyamara don kada ka manta abin da ke ciki.

Awon haske

Lambobin ƙofar haske su ne 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, ana rubuta su kamar f/8, kuma babbar lamba ita ce ƙofa mafi tsukewa. Na saurin labule kuma 1/60, 1/125, 1/250, 1/500, 1/1000. Daga kowace lamba zuwa ta kusa da ita mataki ɗaya ne, wato haske ya ninka ko ya ragu da rabi. In ka tsuke ƙofa mataki ɗaya ka rage sauri mataki ɗaya, hasken da ya isa fim bai canza ba.

A titi saurin labule ake fara tsayarwa. 1/250 yana kama mai tafiya a ƙasa. In kai ma kana tafiya lokacin da ka danna, ko akwai keke da yara masu gudu, 1/500. A 1/125 ƙafa da hannun mai tafiya za su ɗan yi dishi-dishi, wani lokaci ma hakan ya fi kyau, amma ya zama da niyya.

Ko babu ma'auni, akwai tsohuwar ƙa'idar rana da 16: a rana tsaka mai inuwa mai kaifi, sa f/16, saurin kuma ya zama mafi kusa da lambar fim, wato 1/500 ga ISO 400. In akwai ɗan hazo, gefen inuwa ya yi laushi, f/11. Gajimare ya rufe, inuwa da ƙyar ake ganinta, f/8. Hadari ya haɗu babu inuwa sam, f/5.6. Cikin inuwar gini ko dab da faɗuwar rana, f/4.

A aikace titi gida biyu ne, gefen rana da gefen inuwa, kuma tsakaninsu mataki uku zuwa huɗu. Da ka fito, auna kowanne sau ɗaya ka haddace. Sau da yawa za ka samu f/11 ko f/16 da 1/500 a rana, f/5.6 da 1/250 a inuwa. Daga nan duk lokacin da ka tsallaka titi, yatsunka su juya zoben tun ba ka ga abin ɗauka ba. A riƙa sake awo bayan kowane rabin awa da yamma, don haske yana zubewa da sauri fiye da yadda ido ke lura.

Ma'aunin haske bai san abin da yake kallo ba. Duk abin da ka nuna masa so yake ya mai da shi toka-toka. Nuna masa farin bango, zai ce ka rage haske, mutumin da ke gaban bangon ya fito baƙi ƙirin babu fuska. In sama ta shigo cikin taga ma haka. Maganinsa ka sunkuyar da kyamara ka auna kwalta ko ƙasa a cikin hasken da mutumin zai bi. Ko ka auna tafin hannunka a wannan hasken ka buɗe mataki ɗaya, domin tafin hannu ya fi tsakiyar toka haske da kusan haka.

In kana shakka, ƙara haske. Nagatif na baƙi da fari yana jure ƙarin mataki ɗaya ko biyu ba tare da ya lalace ba, amma inuwar da ba ta samu haske ba fili ce fayau a jikin fim, babu wankin da zai fito da abin da ba a rubuta ba. Wannan ya fi shafar fuskoki masu duhun fata a ƙarƙashin hula ko rumfa da rana tsaka: a buɗe mataki ɗaya a kan abin da ƙa'ida ta ce. Shi ya sa da yawa daga masu aikin suke sa ma'aunin ISO a 250 ko 320 alhali fim ɗin 400 ne, su wanke shi yadda aka saba. Akasin haka sai in siffar mutum baƙa kake so a kan haske. Nan sai ka auna wurin mai haske, ka bar mutumin ya nutse.

Saita nisa tun kafin a zo

Nan ne sirrin saurin tsofaffin masu hoton titi yake. Dubi jikin lensi, za ka ga layin nisa da mita, ƙarƙashinsa kuma lambobin ƙofar haske an rubuta su hagu da dama: 16, 8, 4, alama a tsakiya, 4, 8, 16. In ka sa f/8, duk nisan da ya faɗa tsakanin 8 na hagu da 8 na dama zai fito tar.

Da lensi 35 a f/8, in ka tsayar a mita 3, daga kusan mita 2 zuwa mita 7 duk a saite yake. A f/11 sai ya faɗaɗa daga kusan mita 1.7 zuwa wajen 15. Lensi 28 a f/8 a kan mita 3 tana kamawa daga mita ɗaya da rabi har nesa sosai. Mai 50 kuwa a wannan saitin daga mita 2.3 zuwa 4.2 kawai take ba ka, shi ya sa take buƙatar f/11 ko ka saita da ido. Abin da ya rage shi ne idonka ya san mita 3. Taku huɗu ne na babban mutum. Auna shi a ɗaki, ka tsaya ka kalli ƙofa daga nan har girmanta a taga ya zauna maka. Da lensi 35 a kwance, mutum a tsaye a mita 3 yana cika tagar daga sama zuwa ƙasa da ɗan rara kaɗan.

Da haske ya ragu ka koma f/2.8 ko f/2, wannan dabara ta ƙare, sai saiti da ido. A SLR nemi layi a tsaye, kamar gefen riga ko sandar fitila, ka juya har rabin sama da na ƙasa a da'irar tsakiya su haɗu. Maimakon bin mai tafiya da saiti, saita a kan wani abu da zai wuce ta gefensa, ka jira ya iso.

A kan titi

Fim ba ya ganin kala, haske da duhu yake gani. Jar riga a gaban koren ƙofa da ta ɗauki idonka za su iya fitowa toka iri ɗaya, mutum ya narke cikin bango. Ƙanƙance ido har abubuwa su dusashe, abin da ya rage yana bambanta shi ne hoton. Nemi mai haske a kan duhu ko mai duhu a kan haske. Awa biyu bayan fitowar rana da awa biyu kafin faɗuwarta inuwa tana tsawo, haske yana zuwa daga gefe yana fito da ƙirar bango da fuska. Rana tsaka tana zuba duhu a kwarmin ido, amma tana yanka inuwa mai kaifi a ƙasa, wanda ya iya zai yi aiki da ita.

Yawo ana farauta yana gajiyarwa kuma yana cin fim. Abin da ya fi ba da sakamako shi ne ka samu wuri mai kyan haske da bango mai tsabta, bakin lungu da rana ta tsaga, matakala, mashigar tasha, ka tsara hoton babu kowa, ka tsaya minti goma ko sha biyar. Mutane za su shigo da kansu, kuma wanda ya tarar da kai a tsaye bai cika damuwa da kai ba kamar wanda ka tunkara. Danna lokacin da ƙafafu suka buɗe a tsakiyar taku, mutum ya fi kama da mai tafiya a nan. In abin ya yi kyau kada ka yi rowa, ɗauki uku ko huɗu kana ɗan sauya matsayi. A gwangwani mai 36, samun biyu ko uku masu kyau ba ƙaramin abu ba ne.

Kafin ka danna, zagaya da ido gefuna huɗu na taga. Rabin mota, sanda da ta tsiro daga kan mutum, hannun wani da ya leƙo, duk a gefe suke ɓuya. A kyamara mai tagar leƙe daban, abin da taga ke nunawa yana ɗan kauce wa abin da lensi ke gani idan an matso kusa da mita ɗaya da rabi, don haka a bar rara a sama. Irin wannan kyamara kuma ba za ta gaya maka murfin lensi yana rufe ba. Cire shi ka sa a aljihu, amma kada ka bar lensi tana kallon rana in labulen na yadi ne, irin na Leica, don tana iya ƙona masa huji cikin ɗan lokaci.

Da ka danna, ɗana nan take. Madauri a naɗe a wuyan hannu, kyamara a ƙirji, gwiwar hannu a manne da jiki.

Matacin launi rawaya, gilashin da ake ɗaurawa a gaban lensi, yana duhunta shuɗin sama ya fito da gajimare, yana cin mataki ɗaya. Ruwan lemo yana cin kusan biyu, ja yana cin uku kuma ya yi tsanani ga fuska. In ma'auninka ta cikin lensi yake awo, ya riga ya lissafa. In da ka kake lissafi, kai za ka ƙara. Rumfar lensi kuwa ta fi mataci amfani, domin tsofaffin gilasai suna wanke hoto da hazo idan rana ta bugo su daga gefe.

Game da mutane: dokar ɗaukar hoto a bainar jama'a ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wasu wuraren ɗauka halal ne amma wallafawa sai da izini, don haka a bincika ta inda ake. Barikin soja, ofishin 'yan sanda, filin jirgi da makamantansu a nisance su. Kada ka yi saɗaɗa kamar ɓarawo, shi ke jawo zargi. In an haɗa ido, yi murmushi ka gaisa. In mutum ya nuna ba ya so, sauke kyamara ka ba da haƙuri, kuma tun da ba a goge fim, alkawarin da ka yi na ƙin amfani da hoton ka cika shi. Yara sai da yardar manyansu. Marar lafiya da wanda ke cikin ƙunci ba kayan ado ba ne.

Da dare, ko a cikin tasha mai duhu, ana iya sa ma'auni a 800 ko 1600 da fim na 400, a tsawaita wanki daga baya. Sharaɗin shi ne gwangwanin gaba ɗaya ya tafi a lamba ɗaya, kuma a rubuta lambar a jikinsa. A 1600, titi mai fitilu yakan fara daga f/2.8 da 1/60. Tsaki zai yi kauri, inuwa ta toshe, wannan shi ne farashinsa.

Idan hannun ɗanawa ya cije a wajen 36 ko 37, kada ka tilasta, fim zai tsinke ko hudoji su yage. Danna ɗan maɓallin da ke gindin kyamara, juya hannun naɗewa ta inda kibiya ta nuna har ka ji ya saki, ka ƙara juyi uku, sannan ka buɗe. Fim ba ya son zafi, kada a bar shi a cikin mota a rana. A filin jirgi, sababbin na'urorin duba kaya na CT suna lalata shi a wucewa ɗaya, a roƙi a duba da hannu.

Wanki

Kayan aiki: tankin wanki da kwarkwaronsa, baƙar jakar da haske ba ya ratsawa, almakashi, mabuɗin kwalba, ma'aunin zafi, kofunan awo uku, agogo, safar hannu. Magunguna uku ne: na fito da hoto, na tsayarwa, da na kafewa wanda ake kira fiksa.

A cikin jaka, ɓalle murfin gwangwani, yanke harshen fim ya miƙe, ka zura shi a kwarkwaro kana murzawa. Kwarkwaron ya bushe ƙarau, ɗigon ruwa ɗaya ko gumin hannu yana sa fim ya cije. Yi gwaji da mataccen fim a haske sau goma kafin na gaske. Kada ka manta sandar tsakiya ta tankin, ita ke tare haske. Da ka rufe murfi, sauran aikin a haske ake yi.

Tankin Paterson yana cin mililita 290 ga fim ɗaya na 35, a auna 300. A digiri 20 na Salsiyos, HP5 Plus a ISO 400 yana ɗaukar minti 7 da rabi a maganin fito da hoto na ID-11 da ba a sirka ba, ko minti 13 in an sirka rabi magani rabi ruwa. In an ɗauke shi a 800, minti 10 da rabi, a 1600 minti 14, duka da wanda ba a sirka ba. Tri-X a maganin D-76 da ba a sirka ba minti 6 da daƙiƙa 45. Zafi yana sauya lissafi: duk ƙarin digiri ɗaya a rage kusan kashi goma cikin ɗari na lokacin. In ruwa ya yi ɗumi, sanyaya shi da ƙanƙara a cikin leda, ko ka yi amfani da sirkakken magani don kada lokacin ya gaza minti 5, domin ƙasa da haka wanki ba ya fita bai ɗaya.

Zuba magani da sauri, kunna agogo, kifa tanki ka miƙar sau huɗu cikin daƙiƙa goma, buga gindinsa a tebur don kumfa ta saki. Maimaita a farkon kowane minti. Saura daƙiƙa goma ka fara zubarwa. Sai na tsayarwa, ko ruwa zalla a sauya sau biyu cikin minti ɗaya. Sai fiksa: Ilford Rapid Fixer kashi ɗaya da ruwa kashi huɗu, minti 2 zuwa 5, a riƙa kifawa kamar da. Don sanin ko fiksa tana da rai, jefa guntun harshen da ka yanke a ciki, ka ga lokacin da ya zama fayau, ka ninka shi biyu. Tsohuwar fiksa tana ɗauke da azurfa, a tara ta a jarka, ba a zuba ta a magudana.

Ɗauraya: cika tanki da ruwa, kifa sau 5, zubar. Cika, sau 10, zubar. Cika, sau 20, zubar. Duk ruwan ya kasance bai yi nisa da zafin maganin farko fiye da digiri biyar ba. Na ƙarshe ruwa mai tsabta da ɗan Photo-Flo ko Ilfotol, magungunan hana tabon ruwa, kashi ɗaya cikin ɗari biyu. Rataye a wurin da babu ƙura, maƙali sama, maƙali ƙasa don ya miƙe, a rufe ƙofa awa biyu zuwa uku. Kada a shafe shi da yatsa. Yanka shida-shida ka zura a rigar nagatif. Wajen sikanin, kashe aikin goge ƙura na ICE, ba ya aiki da fim mai azurfa, ɓata hoton yake yi.

Abin da nagatif ke gaya maka

Ɗaga shi a gaban farar takarda mai haske ka fara duba lambobi da sunan fim da ke gefe, domin masana'anta ce ta buga su, wanki ne kawai ke fito da su. In lambobin sun fito baƙi sosai amma babu hoto ko ɗaya, fim bai tafi ba ko labule bai buɗe ba. In fim ɗin fayau ne har lambobin babu, an fara zuba fiksa ko maganin farko ya mutu. In baƙi ne ƙirin har gefe, haske ya same shi. Lambobi sun yi kyau amma hoto siriri ne, inuwa babu komai, haske ya gaza a kyamara. Lambobi da hoto duka sun yi fari-fari, wanki ne ya gaza, ko lokaci ko sanyi.

Baƙin shafi da ya ratsa har kan hudoji soson ƙofa ne. Wanda ya tsaya cikin murabba'in hoto kawai, a duba labule. Farin hazo kamar madara fiksa ce ba ta isa ba, a mayar da shi cikin sabuwa, zai warke. Alamar jinjirin wata lanƙwasa ce wajen zurawa a kwarkwaro. Ƙananan da'irori masu haske kumfa ce. Zane-zane da ke gangarowa daga hudoji yawan jijjiga ne. Layi ɗaya miƙaƙƙe daga farko zuwa ƙarshe tsakuwa ce a farantin matse fim ko a bakin gwangwani, sai a goge farantin da ƙyalle mai laushi, a hure cikin kyamara kafin a saka na gaba, a kuma daina ajiye gwangwani tsirara a aljihu.